Ƙiyasin nauyin tsokar jikin ɗan Adam ta hanyar hotunan asibiti

0. Gabatarwa

Sikeli na faɗa mana nauyin mutum, amma ba ya faɗa mana abin da nauyin nan ya ƙunsa. Ana iya samun mutum biyu masu tsawo ɗaya, kowane da kilo 80, alhali ɗaya tsoka ce ta cika mashi jiki, ɗayan kuma kitse. Ga likitan da zai yanka ma majinyaci adadin maganin kansa, ko wanda zai shigar da tsoho tiyata, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin tsoka ita ce rumbun furotin na jiki: daga cikinta jiki ke ɗiba in ciwo ya yi tsanani ko abinci ya yi ƙaranci. Hakanan ita ce ke shanye mafi yawan sukarin jini a ƙarƙashin aikin insulin.

Matsalar ita ce, ba a iya ɗora tsokar mai rai bisa sikeli. Dole sai an ƙiyasta ta. A cikin wannan ƴar maƙala za mu yi ƙoƙarin bayyana yadda ake yin wannan ƙiyasi da hotunan asibiti. Za mu fara da tsai da kalmomin aiki (sashe na 1), mu waiwayi hanyoyin da aka bi kafin hotuna (2), mu ga yadda ake auna jiki duka (3), da yadda ake taƙaita aikin bisa fallen hoto guda (4) ko bisa hannuwa da ƙafafu (5), sannan mu duba amfanin abin a asibiti (6) da iyakokinsa (7).

1. Kalmomin aiki

A Hausar yau da kullum, tsoka na nufin naman da ba ya da ƙashi ba ya da kitse, kamar wanda mahauci ke zaɓa don kilishi. A ilimin jiki kuwa tsoka iri uku ce: ta zuciya, da mai santsi wadda ke cikin bangon hanji da jijiyoyin jini, da wadda ke manne da ƙasusuwa tana motsa su in mutum ya so. Ta ukun ita ce abin nazarinmu. Za mu riƙa ce mata tsokar ƙashi, ko tsoka kawai in babu ruɗu.

Akwai buƙatar mu raba ta da wani abu da ake yawan haɗa su, watau nauyin da ba kitse ba. Wannan ya ƙunshi tsoka, da ƙashi, da hanta, da hanji, da fata, da jini, da ruwan jiki. Ke nan ya fi tsoka yawa nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya karanta lamba cikin wani rahoto ya kamata ya fara tambayar wanne daga cikin biyun aka auna.

Ga naurorin kuma, za mu ce sikana ga wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka da hasken X, mu ce IRM ga wadda ke yin haka da maganaɗisu, kamar yadda aka saba a asibitocinmu, mu bar DXA da sunanta. Kowane hoto da ke nuna jiki kamar an gitta shi da wuƙa za mu kira shi falle.

2. Kafin hotuna

Hanyar da ta fi kowace tabbas ita ce fiɗar gawa: a raba tsoka da kitse da ƙashi, a auna kowane. Aiki ne mai wuya, shi ya sa gawawwakin da aka yi ma haka ba su da yawa. Binciken da ya fi shahara shi ne na birnin Burusal a Beljiyam, wanda Clarys da Martin da Drinkwater suka wallafa a 1984, bisa gawa 25 na mutane masu shekaru 55 zuwa 94. A 1975 kuma hukumar duniya mai kula da kariya daga haskoki masu illa ta tsai da siffar wani mutum na misali mai kilo 70, ta ba shi kilo 28 na tsoka, watau kashi 40 bisa 100. Daga nan wannan lamba ta bazu cikin littattafan makaranta.

Ga mai rai, an daɗe ana aiki da fitsari. Tsoka na fid da wani sinadari, kireyatinin, wanda ke fita ta ƙoda. In aka tara fitsarin awa 24, kowane giram guda na sinadarin na daidai da kilo 17 zuwa 22 na tsoka. Sai dai cin nama na ƙara shi, ciwon ƙoda na rikita shi, kuma tara fitsarin yini da dare ba tare da an zubar ba abu ne da ba kowa ke iyawa ba.

Hanya ta uku ita ce awon damtse. Ana auna kewayen damtse da kaurin fatar bayansa, a ɗauka cewa damtse da'ira ce, a lissafa filin tsoka. Mun san ɗan'uwan wannan awo a gidajen likita na ƙasarmu, inda ake zagaya damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku: tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsai da cewa ƙasa ga milimeta 115, ga yaro mai wata 6 zuwa shekara 5, alamar tamowa ce mai tsanani. Amma a 1982 Steven Heymsfield da abokan aikinsa suka gwada lissafin filin tsokar damtse na manya da hoton sikana, suka tarar yana wuce gaskiya da kashi 20 zuwa 25 bisa 100, saboda tsokar ba da'ira ba ce, kuma lissafin na haɗawa da ƙashi. Wannan na cikin lokutan farko da hoto ya zama alƙalin sauran hanyoyi.

3. Auna jiki duka

3.1. Sikana

Godfrey Hounsfield ne ya ƙera sikana ta farko, aka ɗauki majinyaciyar farko da ita a Landan a 1971. Kowane ɗigo na hoton na ɗauke da lamba wadda ke nuna yadda wurin ya tare hasken X. An tsara ma'aunin ta yadda ruwa ke kan 0, iska kan −1000. Ana kiran ma'aunin da sunan Hounsfield, a taƙaice HU. Kitse na faɗawa tsakanin −190 da −30, tsoka tsakanin −29 da +150, ƙashi mai tauri kuma can sama. Ke nan in an zagaye yankin tsoka, aka ce ma kwamfuta ta ƙirga ɗigon da ke tsakanin −29 da +150, aka ninka da girman ɗigo guda, an samu filin tsoka a santimeta murabba'i (cm²).

Abin lura shi ne hanta da ƙoda da hanji su ma suna faɗawa cikin wannan tazara. Lamba ita kaɗai ba ta raba su da tsoka, sai an haɗa da sanin wurin da kowane ke zaune. Aibi na biyu shi ne hasken kansa: sikanar ciki guda na ba mutum wajen milisibat 8 zuwa 10, alhali abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara, in an yi matsakaici a duniya, milisibat 2,4 ne. Don haka ba a ɗaukar mai lafiya daga kai har ƙafa da sikana don sanin tsokarsa kawai.

3.2. IRM

IRM ba ta aiki da hasken X. Tana amfani da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo don jin amsar haidurojin da ke cikin ruwa da kitse. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun samu kyautar Nobel a 2003 saboda ita. Da yake babu illar haske, ana iya ɗaukar jiki duka, har a maimaita.

Tsarin da Robert Ross da ƙungiyarsa suka yaɗa daga Kingston a Kanada shi ne kamar haka: mutum ya kwanta ya miƙa hannuwa sama da kai, a ɗauki falle mai kaurin milimeta 10, a tsallake milimeta 40, a sake ɗauka, har a samu falle wajen 41. A kowane falle a auna filin tsoka. Abin da ke tsakanin falle biyu kuma a cike shi da lissafi, ana ɗauka cewa tsoka na ƙaruwa ko raguwa sannu a hankali daga wannan zuwa wancan. In an tara duka an samu girman tsoka a lita. Daga nan sai:

(1) nauyin tsoka (kilo) = girman tsoka (lita) × 1,04

Lambar 1,04 ita ce nauyin lita guda ta tsoka. Wasu masu bincike na aiki da 1,06. A 1998 Mitsiopoulos da abokansa suka ɗauki hannuwa da ƙafafun gawa da sikana da IRM, sannan suka yanka su a daidai wuraren da aka ɗauka, suka gwada. Ma'aunin dangantaka ya kai r = 0,99. Tun daga nan ake ɗaukar naurorin biyu a matsayin magwajin da ake auna sauran hanyoyi da shi.

Da wannan tsari ne Janssen da Heymsfield da Wang da Ross suka auna mutum 468, masu shekaru 18 zuwa 88, suka wallafa a 2000. Matsakaicin maza kilo 33 ne, watau kashi 38,4 bisa 100 na nauyin jiki. Na mata kilo 21, watau kashi 30,6. Sun kuma nuna cewa raguwar tsoka na fara bayyana sosai wajen ƙarshen shekarun arba'in, kuma ta fi yawa a ƙafafu. Za mu koma ga wannan batu a sashe na 7.

4. Daga falle guda zuwa jiki duka

Zagaye tsoka da hannu cikin falle 41 na cin awoyi, IRM kuma na da tsada. Sai tambaya ta taso: akwai wuri guda a jiki da zai wakilci sauran? Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Mai sayen rago ba ya shafa dabba duka, gadon bayanta yake latsawa wajen ƙugu, daga nan ya yanke ko tana da nama. Abin da masu bincike suka ƙara shi ne lissafi.

A 2004 Wei Shen da abokan aikinta suka ɗauki hotunan IRM na jiki duka na mutum 328 masu lafiya, suka gwada fallayen ciki ɗaya bayan ɗaya da jimillar tsoka. Wanda ya fi dacewa shi ne fallen da ke santimeta 5 sama da mahaɗar gaɓar ƙugu ta 4 da ta 5 a ƙashin baya, da r = 0,924. Ƙa'idar da suka fitar ita ce:

(2) girman tsoka (lita) = 0,166 × filin tsoka (cm²) + 2,142

Wurin nan na kusa da gaɓar ƙugu ta 3, wadda likitoci ke rubutawa L3. Da yake gaɓa ta fi sauƙin ganewa a hoto, ita aka riƙe. A L3 ana ganin tsokokin da ke miƙe baya, da psoas da ke gefen ƙashin baya ta ciki, da tsokokin bangon ciki na gefe da na gaba.

A 2008 Marina Mourtzakis da ƙungiyar Vickie Baracos ta Jami'ar Alberta suka gwada abin bisa masu ciwon kansa. Hujjarsu mai sauƙi ce: waɗannan majinyata an riga an yi masu sikanar ciki don bin ciwon, hoton na ajiye, ba sai an ƙara masu haske ko kuɗi ba. Suka samu:

(3) nauyin da ba kitse ba (kilo) = 0,30 × filin tsoka a L3 (cm²) + 6,06

Bari mu ɗauki misali. Namiji mai tsawon mita 1,70, filin tsokarsa a L3 ya kai cm² 140. Ƙa'ida ta (2) na ba mu lita 25,4. In muka ninka da 1,04 sai mu samu kilo 26,4 na tsoka. Ƙa'ida ta (3) kuwa na ba mu kilo 48,1. Babu saɓani tsakanin lambobin biyu, abubuwa biyu daban aka ƙiyasta, kamar yadda muka yi gargaɗi a sashe na 1.

Da yake dogo ya fi gajere tsoka ko da lafiyarsu ɗaya, ana raba filin da tsawo ninki kansa. Ga mutuminmu: 140 ÷ (1,70 × 1,70) = 48,4 cm²/m². Wannan shi ake kira ma'aunin tsoka na L3.

5. DXA: hannuwa da ƙafafu

DXA na ratsa jiki da hasken X mai ƙarfi iri biyu, amma kaɗan ƙwarai, bai wuce abin da mutum ke samu daga yanayi cikin kwana guda ko makamancin haka ba. Tana raba jiki gida uku: ma'adinin ƙashi, kitse, da nama maras kitse. A gangar jiki nama maras kitse ya haɗa da hanta da huhu da hanji, amma a hannuwa da ƙafafu kusan duka tsoka ne, kuma nan ne wajen kashi 75 bisa 100 na tsokar jiki ke zaune. Bisa wannan ne Kim da sauran abokan aiki suka gwada DXA da IRM a 2002, suka fitar da:

(4) tsoka (kilo) = 1,13 × N − 0,02 × shekaru + 0,61 × jinsi + 0,97

N shi ne nama maras kitse na hannuwa da ƙafafu a kilo. Jinsi 1 ne ga namiji, 0 ga mace. Namiji mai shekara 60 da N = 20 na da wajen kilo 23 na tsoka. Raunin DXA shi ne ba ta raba tsoka da ruwa: majinyaci mai kumburin ƙafa zai fito da tsokar da ba ya da ita.

6. Amfanin ƙiyasin a asibiti

A 1989 Irwin Rosenberg ya ƙirƙiro kalmar sarkopeniya daga Girkanci, sarx "nama" da penia "talauci", don zubewar tsokar da ke zuwa da tsufa. A 1998 Baumgartner ya ba ta iyaka ta lamba da DXA, bisa tsofaffin jihar New Mexico a Amurka: N a raba da tsawo ninki kansa, ƙasa ga 7,26 ga maza, 5,45 ga mata. Ƙungiyar masana ta Turai, a matsayarta ta biyu ta 2019, ta mai da iyakar 7,0 da 5,5, ta kuma sa ƙarfin damƙa gaba da yawan tsoka: ƙasa ga kilo 27 ga namiji, 16 ga mace.

A fannin kansa, Carla Prado da abokanta sun duba a 2008 hotunan majinyata 250 masu ƙiba da ke da kansar hanyoyin numfashi ko na abinci. Mutum 38 cikinsu, watau kashi 15 bisa 100, tsokarsu ta zube ƙarƙashin kitse ba tare da ido ko sikeli sun gani ba, kuma sun fi sauran saurin mutuwa. Iyakar da suka tsayar ita ce 52,4 cm²/m² ga maza, 38,5 ga mata.

Wannan na da alaƙa da yadda ake yanka magani. Adadin magungunan kansa da yawa ana lissafa shi ne daga tsawo da nauyi. To amma maganin na watsuwa ne galibi cikin sashen jikin da ba kitse ba. Mai ƙiba maras tsoka na samun adadin babban mutum cikin ƙaramin mazubi. A 2009 Prado ta nuna cewa cikin mata 55 masu kansar nono da ke shan capecitabine, rabin masu ƙarancin tsoka sun samu illar maganin, alhali cikin sauran kashi 20 bisa 100 ne kawai.

7. Iyakokin hanyar

Na farko, r = 0,924 na nufin fallen ya bayyana wajen kashi 85 bisa 100 na bambancin da ke tsakanin mutane; saura kashi 15 na waje. Ga taron mutum ɗari kurakuran na shafe juna, ga mutum guda kuwa ƙiyasin na iya kaucewa da kilo da dama. Ɗan kokowa mai kaurin cinya da magini mai faɗin kafaɗa na iya samun fili ɗaya a L3.

Na biyu, mun ga cewa tsufa ya fi cin tsokar ƙafa. Ke nan fallen ciki na iya makara wajen ganin raguwar da ta riga ta fara a cinya. Auna psoas ita kaɗai, wanda wasu ke yi don sauri, ya fi wannan rauni, kuma Baracos ta soki dabarar a 2017, domin psoas ɗan ƙaramin kashi ne na tsokar gangar jiki.

Na uku, iyakokin ba ɗaya ba ne. A 2013 Lisa Martin da abokanta, bisa majinyata 1473, suka ba maza iyaka biyu: 43 ga wanda ma'aunin ƙibarsa bai kai 25 ba, 53 ga wanda ya kai; mata kuma 41. Mu koma ga mutuminmu mai 48,4. A iyakar Prado yana da ƙarancin tsoka. A iyakar Martin, in nauyinsa kilo 68 ne, ma'aunin ƙibarsa 23,5, lafiya lau yake. In kilo 80 ne, ma'aunin 27,7, ya faɗa ƙasa. Hoto ɗaya ne, hukuncin ya dogara ga iyakar da aka zaɓa.

Na huɗu, yanayin ɗaukar hoto na canza lamba. Ruwan da ake ɗura ma majinyaci a jijiya don hoto ya fito sosai na ɗaga HU na tsoka. Kitsen da ya shige cikin tsoka kuma na saukar da shi, har ana amfani da matsakaicin HU don sanin ingancin tsoka. Ba a gwada hoton da aka ɗauka da ruwan da wanda aka ɗauka babu shi kai tsaye.

Na biyar, kuma shi ya fi shafar mu: duka ƙa'idojin da muka kawo an gina su ne bisa mazauna Amurka da Kanada. Masu binciken da kansu sun san asali na da tasiri. A ƙa'idar da Lee da abokansa suka fitar a 2000, wadda ke ƙiyasta tsoka daga nauyi da tsawo da shekaru, ana ƙara kilo 1,4 ga baƙar fatar Amurka, a rage 1,2 ga ƴan Asiya. Amma baƙar fatar Amurka ba manomin Maradi ba ne, ba makiyayin Tahoua ba ne. Abinci da aiki da tsarin jiki sun bambanta. Ƙa'ida ba ta da ƙarfi sai cikin irin mutanen da aka gina ta bisa su.

8. Kammalawa

Mun ga cewa tsakanin hoto da kilo akwai matakai huɗu: zagaye tsoka, auna fili, mai da fili girma, mai da girma nauyi. Kowane mataki na ɗauke da zato nasa. Matakin farko, wanda ya fi cin lokaci, yanzu kwamfuta na yin sa: TotalSegmentator, a sigar da aka wallafa daga Basel ta Suwizalan a 2023, yana gane sassan jiki 104 cikin hoton sikana ba da hannun mutum ba. Sauran matakan uku kuwa suna nan yadda suke.

Saboda haka, ga ɗalibi ko malamin da ya ci karo da lambar tsoka cikin wani aiki, muna ba da shawarar tambaya huɗu: da wace naura aka auna, a wane wurin jiki, tsoka aka ƙiyasta ko nauyin da ba kitse ba, kuma bisa waɗanne mutane aka gina ƙa'idar da iyakar. Ga masu neman batun digiri na uku a tsangayoyin likitanci kuma, akwai aiki mai yiwuwa ba da kuɗi mai yawa ba: a tara hotunan sikanar ciki da aka riga aka ɗauka, da izinin kwamitin ɗa'a, a zaɓi na waɗanda aka ɗauka saboda hatsari ko wani ciwon da bai taɓa tsoka ba, a auna L3, a haɗa da tsawo da nauyi da ƙarfin damƙa in akwai. Daga nan ne za a iya fitar da matsakaicin maza da na mata bisa shekaru, a ga ko iyakar 52,4 da 38,5 ta dace da mutanen nan ko sai an gyara ta.